Ranar da Na Hana Baffa Kile

A gidanmu na Birnin Konni akwai doka ɗaya da ta girmi kowa: aiki ba ya barin maƙera sai babba ya sa masa hannun ƙarshe. Mu maƙera ne tun kakanni. Ko lauje ne, ko kwashe, ko ruwan gatari, ƙarami zai yi zuga, ya yi bugu, ya wasa baki, amma kafin a miƙa wa mai kaya sai an kai gaban babba ya yi bisimilla ya ɗora guduma sau ɗaya. Bayan rasuwar mahaifina, babban shi ne ƙanensa, wanda muke kira Baffa. Ban taɓa ganin laifin wannan doka a kan ƙarfen noma ba. A kan mota na ga laifinta, kuma na faɗa.

Ni ban zauna a maƙera ba. Na yi lakwal 'yan shekaru, na iya karatu da rubutu gwargwado. Da aka buɗe izin, wato masana'antar siminti, a Malbaza na tafi can dako. Na ɗauki buhu har gashin tsakiyar kaina ya ƙare, na kwana ina tari ina tofar da toka. A can na koyi tuƙi wajen masu manyan motoci, na samu farmi, takardar izinin tuƙi. A farkon shekarun saba'in Baffa ya sayar da shanunsa, ya sayi tsohuwar bashe, irin motar nan mai buɗaɗɗen baya da tampol, ya aiko in dawo gida in ja ta. Mota tasa ce, tuƙi nawa ne. Ina ɗaukar mutane da kaya zuwa kasuwannin ƙauye, amma babbar ranata ita ce ta kasuwar Badagishiri, in kai gishiri da kananzir da 'yan tireda, in dawo da albasa da kayan lambu.

Rani na biyu motar ta soma hayaƙi. Ba ta baya ba, ta gaba, daga ƙarƙashin kapo, marufin gaban mota. Da inji ya yi zafi sai wari ya tashi kamar an manta kaskon tuya a wuta. Baƙin mai yana raguwa, duk inda na tsaya sai ta bar ɗigo a ƙasa. Wata rana a kan hawa wata dattijuwa ta ga hayaƙin ta yi ihu wai gobara, mata suka dinga dirowa da kwandunansu tun ban tsaya ba. Jandarma ya tsare ni a shinge ya ce in motar gasa nama ce in je in nemi wata takarda. A tasha kuwa suna ya bi ta.

“Ga mai ƙosai ta iso!” in ji 'yan kamasho. “Direba, a ba mu na dala, a sa yaji!”

Ina jin su, ina ci gaba da lodina. Amma fasinja sun soma wuce ni suna shiga motar bayana.

Makaniken tasha ya duba ya ce juwan ne ya mutu. Juwan shi ne shimfiɗar da ake sawa tsakanin murfin kan inji da injin kansa don kada mai ya fita. Na wancan zamani abu ne mai laushi kamar totuwar kara. Aka sa sabo. Da aka gama, aka bi doka: aka miƙa wa Baffa kile, ƙarfen ɗaure noti, ya yi bisimilla, ya bi notocin murfi ɗaya bayan ɗaya ya ƙara musu murɗi. Hannun Baffa kuwa ba hannun wasa ba ne. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana lanƙwasa ƙarfe, in ya ce ya ɗan taɓa noti, to notin ya ji a jikinsa.

Mota ta yi shiru 'yan kwanaki, sannan ta koma tuya. Baffa ya ce ɗaurin ne bai isa ba, ya ƙara. Ta ƙara zuba. Aka shafa sabulu a bakin murfi, aka shafa ƙaro. Aka aika Sakkwato aka kawo wani juwan, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Wata gwaggona ta ce baki ne, aka rataya laya a madubi.

Daga nan Baffa ya gaji. Wata safiya bayan mun karya, ya ce da ni a gaban ƙannena:

“Wani ɗan Sakkwato ya taya ta. In ta ƙara yi min hayaƙi a hanyar Badagishiri, ranar ta bar gidan ga. Ni ban sai da shanuna don a yi min dariya a tasha ba.”

“To ni fa, Baffa?”

“Kai mi? Malbaza ta tashi ne? Siminti ya ƙare?”

Na tashi na fita. Amma na san abu ɗaya: kaina ba zai sake ɗaukar buhun siminti ba.

Kasuwa saura 'yan kwanaki. Na ce ba zan fita aiki ba sai na ga abin da idona, kuma ba zan kira makanike ba. Ni mutum ne mai son a bi abu daki-daki. Da farko na kai motar inuwar itacen bedin ƙofar maƙera, na wanke injin tas da kananzir, na goge shi har ya bushe, domin ba a gane mafarin ruwa a cikin taɓo. Bayan haka na tayar da shi, na tsuguna ina kallo. Mai ba ya hawa sama, gangarowa yake, saboda haka na soma dubawa daga can ƙololuwa. Ba a daɗe ba sai ga shi yana tsattsafowa a bakin murfi, yana bin gefen inji, yana ɗiga a kan bututun hayaƙi mai zafi. Ga tuyar ke nan. Abin da ya tsaya min a rai shi ne wurin da yake fita. Ba ko'ina ba ne. A tsakanin noti da noti yake fita, nan kusa da notin kuwa a bushe.

Na kashe inji, na jira ya huce, na kwance murfin. Juwan ɗin da aka kawo daga Sakkwato ya zama abin tausayi. Inda noti ya danne shi ya lallatse kamar takarda, har ya tsage, a tsakani kuwa ko taɓa shi ba a yi sosai ba. Na kankare ragowarsa, na wanke murfin, na kife shi a kan gilashin wata tsohuwar taga. Ya ƙi zama. In na danna nan, can ya ɗaga. Murfin gwangwani ne marar kauri, ɗauri ya lotsa shi a bakin kowane rami, ya bar gefensa yana rawa. Ko juwan na zinariya aka sa masa, sai ya zuba.

Na zauna na daɗe ina kallonsa. Na gane ciwon, kuma na gane hannun da ya kawo shi. Wannan shi ne wuyar.

Na ɗauki murfin da gilashin na shiga maƙera. Baffa yana gyara bakin galma.

“Baffa, ku duba min wannan. Ya karkace.”

Ya karɓa, ya ɗaga shi saitin haske, ya rufe ido ɗaya. “Wannan ai aikin banza ne. Ƙarfen Nasara, kamar faranti. Wa ya lotsa shi haka?”

Na ce, “Zai gyaru?”

“A hannun wa?” in ji shi. “Kai, ba ni ƙaramar guduma.”

Gaskiya ɗaya ce, ko a kan wanda kuka yi faɗa. Ban taɓa ganin aiki irin na wannan hantsi ba. Ya sa guntun katako a ƙarƙashi, yana bugu kamar mai lallashin jariri, yana kifewa a gilashi, yana sake ɗauka. Kafin azahar murfin ya kwanta lif, ko zare ba ya shiga ƙarƙashinsa. Maƙwabta sun taru suna kallo, har da mai gyaran keke da wani tsohon soja da ke zama a dakalinmu kullum.

Ina da sabon juwan da na ajiye. Na goge bakin inji, na shimfiɗa shi daidai, na ɗora murfi. Na sa notoci da yatsa tukuna. Sannan na ɗauki kile, na kama shi a kusa da kai don kada hannu ya samu ƙarfi, na bi su kaɗan-kaɗan, wannan gefe, wancan gefe, na sake zagayowa. Da na ji juwan ya karɓa, na tsaya.

Baffa ya goge hannunsa a warki, ya matso, ya miƙo tafi.

“Kawo.”

Na sa kilen a aljihun wandona.

Ya ɗauka ban ji ba. “Kile, na ce.”

“Ku yi haƙuri, Baffa. An gama.”

“An gama? Wa ya gama?”

“Ni.”

Tsohon soja ya yi tari. Mai gyaran keke ya ce, “Kai ɗan nan, ba shi mana. Albarka ce zai sa maka.”

Na ce, “Albarka da baki ake sa ta. Ya yi mata addu'a, ina cewa amin. Amma noti ba mai taɓa shi.”

Baffa ya dube ni tun daga ƙafa. “Yau ni kake hana wa ƙarfe? A ƙofar maƙerar ubana? Kai da ko zuga ba ka iya ba, sai ɗaukar buhu kamar jakin Bugaje?”

“Jakin ya ga abin da ya gani, Baffa. Kun tambayi wanda ya lotsa murfin nan. Hannun ƙarshe ne ya lotsa shi. Duk juwan da muka sa, shi ya kashe shi. Wannan ba galma ba ce. Ba ƙarfi take so ba.”

A gidanmu ba a taɓa gaya wa babba haka ba, balle a gaban mutanen waje. Na san zai iya karɓe makullin motar nan take, ya aika wa ɗan Sakkwato kafin la'asar. Duk da haka hannuna yana kan aljihu.

Tsohon soja ya ce, “Sarkin maƙera, bar shi. In ta yi hayaƙi ai ka huta, ba mai cewa hannunka ne.”

Baffa ya tofar da goro. “Na ji. Ban sa mata hannu ba, ba ruwana da ita. Ka tahi Badagishiri da ɗaurinka na mata. In ta ɗiga ko ɗigo guda, kada ka biyo ta gida. Ka wuce Malbaza.”

“In ba ta ɗiga ba fa?”

Baffa ya juya min baya. Ya koma ciki, aka ji guduma tana faɗa wa galmar da ba ta yi laifin komai ba.

Daga ranar ya daina cin tuwo da ni. Akushina aka ware. Gwaggo ta same ni ta ce in kai masa kilen ko da zai taɓa ne kawai, a rufa asiri. Na ce na san taɓawarsa. Zuwa ranar kasuwa kuwa, duk inda zan je sai na kulle kapo da kwaɗo.

Ranar kasuwa na yi lodi kamar kullum. 'Yan kamasho suka yi ta tsiyarsu, wani ya ce a kawo ƙullu tun mai bai huce ba. Na kama hanya. A kan hawan da matan nan suka taɓa dirowa na buɗe hanci ina shaƙa. Ba komai sai warin kananzir da daddawar wata fasinja. A Badagishiri na ɗaga kapo, na bi bakin murfi da farin ƙyalle. Akwai ɗan danshi a kusurwa ɗaya. Hannuna ya kai aljihu da kansa, domin ni ma jinin gidan ne, ni ma abin da zuciyata ta fara ce min shi ne in murɗa da ƙarfi. Na tsaya. Na jira inji ya huce, na ba kowane noti ɗan taɓi daidai da ɗan'uwansa, abin da bai kai a kira shi murɗi ba. Na goge, na yi lodin albasa har saman tampol, na juyo.

Na iso Konni rana tana shirin faɗuwa. Ban daɗe a tasha ba, ina sauke mutane na wuce ƙofar maƙera. Na share ƙasa, na zuba farin yashi, na ɗora motar a kai, na shiga gida.

Da safe bayan salla na fito na tarar Baffa ya riga ni. Ya sa an tura motar baya, yana tsugune yana bin yashin da yatsa. Yashi fari fat. Na gaishe shi, ya amsa a gajarce. Ya miƙe, ya shiga maƙera, ya fito da wani abu ya jefo min a gaban ƙafa. Kile ne sabo, ƙirar hannu, bakinsa daidai da notocin murfi.

“Tun ranar da ka hana ni naka na ƙera shi,” ya ce. “Kwaɗonka kuwa, ni na koya wa mai yin sa aiki. Da na so, da na ɗaure ta kana barci.”

Na ɗauka na duba. Ya fi nawa kyau. Na miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa ya rataye shi a ƙusa a bangon maƙera, kusa da awartaki.

Ɗan Sakkwato ya zo bayan kwana biyu, aka ba shi fura, aka sallame shi. Na ja motar nan shekaru, ban koma Malbaza ba sai dai in wuce ta da lodi. Tuwo kuwa sai da damina ta faɗi kafin akushina ya koma wurinsa. Na ba Baffa haƙuri a kan ɗaga murya a gaban mutane, domin wannan hakkinsa ne. A kan noti ban ba shi ba, shi ma bai nema ba. Lauje da galma suka ci gaba da zuwa gabansa yana ɗora musu guduma. In na buɗe inji kuwa, sai ya zo ya tsaya, ya harɗe hannuwa a baya, ya yi bisimilla da ƙarfi yadda kowa zai ji. Kilen nan yana rataye a bango har ya yi tsatsa.