Masuntan Kalgo a Bakin Ƙofofinsu

Hotunan bikin suna da na aure nake ɗauka a Gwandu, sai wata shekara na bi motar albasa zuwa Ikko. Can aka kwatanta mini unguwar da masuntan Kalgo suke zaune. Ɗakunan katako ne da tsohon kwano, an kafa su a kan ruwa baƙi wuluk.

Shirun wurin ne ya fara damuna. Ga mutane maƙil, amma babu rediyo, babu ƙarar turmi, ko yara ba sa wasa. Da suka ga kyamara, kowa ya je ya tsaya a bakin ƙofarsa yana kallona.

Wani dattijo ya ce, "Ɗauka har da ɗakin, ɗana. An ce za a rushe mu."

Na bi su ɗaya bayan ɗaya har la'asar. Ba wanda ya yi murmushi, ba wanda ya nemi ganin hotonsa.

Da na dawo, na kai hotunan Kalgo. Wata tsohuwa ta daɗe tana shafa fuskar ɗanta a jikin hoto, sannan ta tambaye ni ko da ransa na ɗauke shi.