Hannun Iya a Bayan Kura

Ni dai matsoraci ne tun fil'azal, ba na ɓoyewa. Amma tsoron da ya kusa raba ni da gidan kakannina a Daura, a bakin murhun Iya na same shi, ina ɗan shekara bakwai, a shekarun farko na Shari'a.

Duk damina in an ba da dogon hutu, Babana, wanda dangi kaf suke kira Kawu, yakan ɗauko ni daga Katsina inda yake koyarwa, ya ajiye ni wurin iyayensa. Mahaifiyarsa ita ce Iya. Mahaifinsa, Baba Tsoho, dillalin dabbobi ne da ya tsufa a kara. Da an idar da isha'i sai mu shige ɗakin girki, ruwa na zuba daga indararo, Iya ta jera masara a kan garwashi tana juya ta da yatsu. Baba Tsoho ya zauna bakin ƙofa da rediyonsa, wai shi ya girmi tatsuniya, alhali da ta fara za ka ji ya rage sauti.

"Matso, angona," in ji Iya. "Miji sai cin masara, ba noma."

Ina da wata ɗabi'a a lokacin. In zafi ya dame ni sai in jawo tabarmata bakin ƙofa, in kwanta kaina a waje. Iya ta yi faɗa, ta yi lallashi, na ƙi ji. To wata rana da yamma, ba tare da ta buɗe da abin da ake buɗe tatsuniya ba, sai kawai ta fara magana, idonta a kan wuta.

Wai a wani ƙauye can arewa, bakin daji, akwai wata yarinya da ƙanenta da bai daɗe da fara tafiya ba. Uwarsu za ta kwana a ƙauyen gaba wurin mai naƙuda, ta ce wa yarinyar ta kwantar da shi can ƙurya, ta ja ƙyaure. Zafi ya hana yaro barci, ya yi ta kuka. Yarinya ta ji tausayinsa, ta buɗe ƙyaure ta shimfiɗa masa a bakin ƙofa, ya yi shiru. Can sai awakin gidan suka yi tsit. Wani wari ya shigo ɗaki. Ta buɗe ido ta ga wata aba mai tudun kafaɗa da gajeren baya ta sunkuyo da kai. Ta so ta yi ihu, murya ta ƙi fita. Da safe sai tabarma, sai sawun kura.

"Sai me, Iya?"

"Sai gari ya waye."

Ba ta ce ƙurunƙus ba. Masara biyu suka ƙone a gabanta ba ta juya su ba. Baba Tsoho ya kashe rediyo ya ce, "Haba, uwar Kawu. Wannan kuma ta yaro ce?"

Bakin ƙofa kam na daina kwana. Amma daga ranar barcina ya lalace. Kullum sai na zabura da ihu, jikina na ɓari, tabarma a jiƙe, ni da na manta rabona da fitsarin kwance. Bayan mako biyu Babana ya zo duba mu, ya kwana, ya ji da kunnensa. Da safe ya durƙusa gaban Iya, muryarsa ƙasa-ƙasa, ni kuma ina laɓe bayan rumbu.

"Iya, ku yi haƙuri. Lafiya lau na kawo yaron nan. Zan bar shi ya ƙarasa hutu, amma in na dawo na tarar da shi haka, baɗi a Katsina zai zauna ya yi islamiyya. Kuma don Allah addu'a kawai. Ban da turare-turare, ban da laya."

Ni a duniyata ta lokacin, shekara ba ta da wani amfani in ba a zo Daura ba.

Baba Tsoho ne ya kawo dabara, irin ta sana'arsa. Ya ce shi in ya sayi maraƙin daji mai firgita da mota, bakin titi yake ɗaure shi har ya saba. Saboda haka za a yi ta kai ni ina ganin dabbobi, daga ƙarama zuwa babba. Ya wanke tsohon babur ɗinsa, ya ɗora ni kan tanki, Iya ta yafa mayafi ta haye baya. Wata maƙwabciya ta ce mata yanzu fa ana yi wa mata wa'azi kan hawa babur. Iya ta ce, "Na mijina ne. Mai magana ya zo ya same ni."

Mun fara da shamuwa da ta yi sheƙa a kan wata bishiya bayan rijiyar Kusugu. Sai wani ƙaton kunkuru a gidan abokin Baba Tsoho, wanda na ba shi ganyen wake da hannuna. Sai jimina a gidan wani alhaji, ta ƙwace hular Baba Tsoho, Iya ta yi dariya har da hawaye. Ranar kasuwar Mashi muka ga raƙuman da Buzaye suka shigo da su daga Nijar. Aka ɗora ni kan guda, ya miƙe da ni, na ƙanƙame sirdi ina salati, amma ban yi kuka ba. Da rana ka ce jarumi ne ni. Dare ya yi kuma sai ihu. Iya takan tashi ta sauya mini tabarma, na kuma lura tana lissafa kwanakin da suka rage da yatsunta.

Saura kwana huɗu Babana ya dawo, na ji Baba Tsoho yana ce mata, "Saura abu ɗaya, kin san shi."

Iya ta ce, "Kawu zai yi fushi."

"Zai yi."

A ƙasarmu an daɗe ana ɗora yaro mai firgita a bayan kura don tsoro ya sake shi. Gardawa masu yawo da kura a kasuwanni su ke yi. Amma a shekarun nan wa'azi ya yi yawa a kansu, sun rage shiga tsakiyar gari da kiɗa. Sai da Baba Tsoho ya yi cigiya wurin dillalai kafin aka kwatanta masa wani ƙauye a hanyar Mashi. Can bayan kara muka same su, ƙarƙashin tsamiya.

Warin na fara ji, shi ɗin dai da Iya ta faɗa. Sannan na gan ta kwance, da takunkumi a baki, da sarƙa a wuya, wani gardi riƙe da kulki. Gardin ya ce, "Baba, miƙo shi, yanzu za a gama." Baba Tsoho ya ɗaga ni, na sandare, na kama rigarsa har ta yage. Kura ta ɗago kai ta dube mu.

"Sauke shi," in ji Iya.

Ta kama hannuna. Abin da ya ba ni mamaki, hannunta ya fi nawa sanyi, jiƙe da gumi, yana rawa har awarwaronta na ƙara. Na ɗaga kai na dube ta. Leɓɓanta sun bushe, tana karanta wani abu da ba ya fita.

"Angona, tsaya ka gani. Ni zan fara."

"Ke, ba sai kin..." Baba Tsoho ya fara, ta ɗaga masa hannu.

Taku biyar ne tsakaninmu da kurar, amma mun daɗe kafin mu kai. Iya ta durƙusa, ta miƙa hannun nan mai rawa ta ɗora a bayanta. Kura ta yi gurnani, gardi ya ja sarƙa, Iya ba ta janye ba. Hawaye na zuba a fuskarta, tana kallon dabbar ido cikin ido. Sannan ta ɗora tafina a kan bayan hannunta, ta zame nata a hankali. Gashin kaushi gare shi, da ɗumi, kuma ina jin haƙarƙarinta a ƙasa. Ashe ramammiya ce. Hawa dai ban hau ba, iyakar abin da na iya ke nan. Gardin ya tsinko gashi kaɗan ya ƙulle a tsumma, ya ce a turara mini.

A hanya Baba Tsoho ya ce, "Ba za mu koya maka ƙarya ba. In ubanka ya tambaye ka, faɗa masa." Kwana ukun nan ban ci abincin kirki ba. Firgitar ma ba ta tafi duka ba, sau ɗaya na zabura, sai dai tabarma a bushe.

Babana ya iso da la'asar. Bayan isha'i muna ɗakin girki ya ce, "To, me ka gani a hutun nan?" Na ce shamuwa. Na ce kunkuru, jimina, raƙumi. Daga ƙarshe na ce kura.

Fuskarsa ta sauya. "Wurin gardawa kuka kai shi? Baba, abin da na roƙa ke nan a bari. Wannan ai camfi ne." Iya ta kwance ƙullin gashin daga bakin zanenta ta ajiye a gabansa, ba a taɓa shi ba. Ya ɗauka ya jefa a wuta. A raina na ce shi ke nan, na yi ban kwana da Daura. Cikin kuka na ce, "Ni ban hau ba. Iya ce ta fara taɓa ta."

Ya juyo da sauri. "Iya? Ke kika taɓa kura? Ke da in kin ji kiɗan gardawa a layi kike kulle kanki a ɗaki?"

"Ni na sa masa tsoron," ta ce. "Wa zai cire?"

Babana ya sunkuyar da kai. Can ya miƙa hannu ya juya mata masarar da ta fara ƙonewa. Bai sake tayar da maganar ba. Damina ta gaba, ranar da aka ba da hutu, shi da kansa ya ce in haɗa kayana.

Na daɗe ina ɗauka kurar ce ta warkar da ni, daga baya na ce kwana ne kawai ya ja. Yanzu na san duk lokacin da na zabura, abin da ke kwantar da ni shi ne tuna hannun nan mai rawa da ya ƙi janyewa. Amma sai ranar sadakar ukun Iya, ina da 'ya'yana, na tambayi Babana abin da ban taɓa tambaya ba, wato dalilin da ya sa ake ce masa Kawu.

Ya ce, "Sunan ƙanen Iya na ci. Ni ban san shi ba, ya rasu yana ƙarami, a ƙauyensu."

Na ce, "Ciwo ya yi?"

Ya dube ni ya ce, "Ai kai ta ba wa labarin, a bakin murhu. Ni ko sau ɗaya ba ta iya faɗa mini da bakinta ba."