Kwamfutar Auwalu da Tamu

Ranar Asabar ta farko bayan Ƙaramar Sallah, shekarar da na cika goma sha uku, ina tsaye a tsakar gidanmu na Gangare da guga a hannu, ina sauraron ihun yara daga ɗakin su Auwalu. An ci ƙwallo ke nan. Inna ta leƙo daga madafa ta ce in ba zan ja ruwan ba in ba ƙanwata gugan. Na ja, amma kunnena yana can.

Auwalu ɗan baffana ne, da wata huɗu ya girme ni. Babana da nasa teloli ne, kuma rana guda suka sayo kwamfuta biyu na hannu a kasuwar Dilimi, iri ɗaya sak, suka ajiye a gida don buga katin biki da zanen aikin wuyan riga. In sun tafi shago, Allah kuma Ya sa an kawo wuta, sai mu sa faifan wasan ƙwallo. A tamu 'yan wasan rarrafe suke yi, hoto ya tsaya ya tashi, ka buga ƙwallo sai dai ka gan ta a raga, ba ka ga tafiyarta ba. A tasu kuwa gudu suke kamar a talabijin. Da haka yaran layinmu suka yaye ni ɗaya bayan ɗaya, har da Bitrus, abokin zamana a aji, wanda kullum muke raba awara.

Sirrin, wani mai gyaran kwamfuta ne a Tina Junction ya nuna wa Auwalu ranar da ya raka babansa. Irin kwamfutocinmu ba su da katin hoto na daban. Ɓangaren da ke zana hoto da sauran aikin injin ƙwaƙwalwa guda suke rabawa, kuma akwai wani shuɗin allo da ake shiga da an kunna, a ƙara wa hoto kasonsa. Da na tambayi Auwalu da ya koya mini, don ba shi da rowa, wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushi. Malaminmu na allo ya sha ja mana kunne a kan hassada. Na ji, na haddace, amma ba ta hana ni laɓewa a taga ba ranar da yake nuna wa Bitrus. Turancina bai nuna ba a lokacin, saboda haka da ajami na rubuta matakan a bayan takardar kalanda: danna kaza, sauka sau uku, shiga. Na ga ya zaɓi sittin da huɗu. Na kuma ga akwai ɗari da ashirin da takwas a ƙasansa.

Ban tsaya tunanin cewa wannan rabin ƙwaƙwalwar injin ne gaba ɗaya ba. Abin da na sani shi ne ninkin na Auwalu ne. Asabar ɗin nan, da na gama jan ruwa, na shiga shuɗin allon tamu, na yi bismilla na zaɓa, ko gwadawa ban yi ba, na fita na bi layi ina shela cewa bayan la'asar kowa ya zo ya ga gudu.

Suka zo, ɗaki ya cika. Na kunna. Injin ya yi ta gurnani, jar fitilarsa tana ƙiftawa, allo baƙi ƙirin. Da ƙyar fili ya bayyana, 'yan wasa suka daskare a tsakiya. Bitrus ya ce, "Oga, 'yan wasanka sittu Shawwal suke yi ne?" Aka fashe da dariya. Sai ga Auwalu yana ratsa mutane. Ya kashe, ya kunna, ya shiga shuɗin allon, ya dube ni ya ce a hankali, "Haba ɗan'uwa, ka juye wa mutum ɗaya rabin tukunya, sauran gidan su ci me?" Ya mayar da shi sittin da huɗu. Nan take wasa ya miƙe sumul.

A ɗakinmu aka yi wasa har kiran magariba, abin da na yi wata da watanni ina roƙo. Amma Auwalu ne a kan kujerar babana, yara suna ta kiransa Injiniya, ni kuwa ina bakin gado ina jiran layi ya zo kaina a kwamfutar gidanmu.

Yau wayar da ke hannun ɗana ta fi injinan nan biyu ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba, ita ke raba wa kanta kaso ba tare da ta tambayi kowa ba. Kowane yaro yana lungunsa da tasa, tsakar gida tsit, har nakan yi kewar hayaniyar da ta ƙona mini rai. Auwalu yana da shagon gyara yanzu, ni na gaji keken ɗinkin babana, muna zumunci, alhamdu lillahi. Sai dai Allah Ya yafe mini, har yau in aka ce masa Injiniya a gabana, nakan ji tsohuwar hassadar nan ta ɗan motsa.