Yadda Tsoron Tumbi Ya Raba Ni da Ciyayyar Ƙofar Gida

Ni tela ne a cikin garin Daura. Lokacin da abin nan ya faru na ɗan haura arba'in, mutum ne ni mai son abinci, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba. Wuni nake a kan keken ɗinki, in na tashi sai kan babur, ko masallacin bayan shagona gani nake ya yi nisa. Abin da na fi so shi ne ciyayyar ƙofar gidanmu bayan magariba. Kowane magidanci a layinmu zai fito da kwanonsa, a shimfiɗa tabarma, a jera tuwon dawa da dambu da duk abin da Allah ya hore, a sa hannu tare. Daga iyayenmu muka gada, kuma cikin waɗanda suka fara ta mutum ɗaya ya rage, wani dattijo aminin mahaifina da muke kira Baba.

Ciwon kai ne ya kai ni asibiti. Ma'aikaciyar da ta duba ni ta ce jinina ya hau, in rage gishiri da maiƙo, in riƙa motsa jiki, in sha magani. Iyakar abin da ta ce ke nan, amma ni da zafin kai sai na mayar da shi yaƙi. Na sayi takalmin gudu, na dinga kallon masu siririn ciki a waya ina tsanar kaina. Duk lomar da ta yi mini daɗi sai in ji kamar zunubi na yi. In na kuskura na ci tsire, washegari sai na hukunta kaina da gudu a hanyar Kongolam. Daga ƙarshe na hana maiɗakina fitar da kwanonmu, don na san in na zauna a tabarmar nan ba zan iya cire hannu ba. Sai in wuce su a kan babur in ɗaga hannu, in shige ɗaki in zauna da dafaffen zogale ina jiyo dariyarsu. Na rame kam, amma na zama masifaffe, kuma wallahi ban taɓa jin kaɗaici irin na lokacin ba.

Wata safiya ina gudu babu komai a cikina jiri ya kwashe ni, na zube a gefen titi. Baba ne ya tarar da ni, zai tafi gona da fartanya a kafaɗa. Bai yi mini faɗa ba. Ya ba ni ruwa, ya zauna har na dawo hayyacina, sannan ya tambaye ni a hankali ko wani laifi ya yi mini, ko kuwa wani ne ya kushe abincin gidana. Ya ce tun da na janye kwanona wasu ma suka janye, yanzu wani lokacin ko tabarmar ba a shimfiɗawa. Yana faɗa yana murmushi, kamar ba komai ba. Da na ba maiɗakina labari sai ta ce ai duk matan layin sun sani, tun da matar Baba ta rasu ba kullum ake hura wuta a gidansa ba. Ciyayyar nan ce abincinsa na kirki, ita ke rufa masa asiri ba tare da ya roƙi kowa ba.

A ranar na fito da kwanona da kaina. Abokai suka yi ta tsokanata wai ɗan tsere ya dawo, a matsa masa kada iska ta ɗauke shi. Na ci dambu, tsoron tumbin nan ya taso, na daure. Da na koma asibiti ma'aikaciyar ta yi dariya, ta ce ita ba ta aike ni in kashe kaina da yunwa ba. Yanzu da safe nakan raka Baba gona a ƙafa muna hira, shago ma a ƙafa nake zuwa ta wajen rijiyar Kusugu. Ina ci, in na ji na kusa ƙoshi in wanke hannu. Jinin ya daidaita, Alhamdulillah, tumbin kuwa da sauransa, mun dai yi sulhu.

Na koyi cewa abinci ni'ima ce, motsa jiki ma ni'ima ce, ba a halicci ɗaya don ya zama bulalar ɗaya ba. 'Yan uwa, in an ce ku rage, ku rage, ku taka ƙasa, amma kada tsoro ya tashe ku daga cikin mutanenku, don ba ku san wanda zamanku ke ciyarwa ba. Jiya ma Baba ya turo mini tsokar nama gabana. Na raba ta biyu, na mayar masa da babban kason, na cinye nawa da daɗin rai.