Manu Mai Rigar Roba

Duk wanda ya zauna a layinmu na unguwar Morrisania a nan Amurka ya san rigar nutson Manu, baƙar robar nan mai hannu da ƙafa da yake shanyawa a tsanin ƙarfe na bayan tagarsa. Ranar da ya fara rataye ta, wata tsohuwa a ginin da ke kallon namu ta kira 'yan sanda, wai wani ya rataye kansa. Layi ya cika da jiniya, har da motar asibiti. Manu ya buɗe ƙofa da kofin kunu a hannu. Da ya gane abin da ya kawo su sai ya ce, "To ku sauko da shi, amma a hankali, bai gama bushewa ba."

Ku yi dariyarku, ni ma na yi. Amma kun san abin da ya sa direban tasi mai furfura a gemu ya sayi wannan riga. Ƙanensa Haruna, wanda Manu ne ya kawo shi ƙasar nan, ya je wanka a bakin teku a Rockaway wata ranar zafi, ruwa ya ja shi. Masu ceto suka nema har suka gaji, ba a ga gawa ba. Mahaifiyarsu kuwa tana can ƙauyensu wajen Argungu, duk ranar da Manu ya kira ta, tambayarta ɗaya ce: "Kun binne shi?"

Na ce masa, "Kai, ka ce mata e mana, tsohuwa ta samu barci!"

Ya ce, "In yi wa Inna ƙarya a kan gawa? Wannan aikinku ne, Katsinawa."

Ni Bakatsine ne, shi Bakabe, wasa ne tsakaninmu tun kaka da kakanni, don haka babu abin da ban gaya masa ba. Amma ina! Taurin kai kamar na jakin kasuwa. Wai su jikokin masunta ne, gulbi bai taɓa riƙe musu gawa ba, in mutum ya nutse shiga ake yi a ɗauko shi. Na ce, "Bawana, wannan ba gulbin Kabi ba ne, ruwa ne da ya miƙe har Legas." Ya ce, "To ka ga gida ya nufa ke nan. Sai in tare shi a hanya."

Haka ya je ya shiga makarantar koyon nutso. Malamarsu, wata Baturiya, ta ce doka ce, ba mai shiga ruwa shi kaɗai, sai da abokin nutso. Ni kuwa ajiye shi kawai na zo yi da motata. Sai na ga ya nuno ni da yatsa, yana cewa ga abokinsa nan. Ni! Ni da ko kwata ta cika sai na nemi mai riƙe mini hannu! Ya ci jarrabawarsu ya karɓi shaida, daga ranar bai sake neman kowa ba sai ni.

Kowace Lahadi ina zaune a kan duwatsu, iska na yanka mini kunne, riƙe da igiyar da ya ɗaura a ƙugu.

"In ka ji an ja, ka ja."

"In kifi ne ya ja fa?"

"Ka ja dai, a samu na miya."

Rigar ma gwanjo ce, ta wani ƙato, ruwa na shiga ta wuya ya fita ta ƙafa. Na ce ya sayi daidai shi, ya ce ai ba ado ya je yi ba. Kafin ya shiga sai ya tuttula ruwan ɗumi a ciki don maganin sanyi. Wata rana ya ɗauki fulas ɗina, shayina mai madara da sukari, ya juye shi kaf a cikin riga. Wallahi har ƙwalla na yi don takaici. Ya ce, "Bari kifin Amurka su ɗanɗana rowar Bakatsine."

Ya ce can ƙasa ruwan kore ne shar kamar miyar kuka, ko tafin hannunka ba ka gani, sai lalube a cikin ciyawa da laka. Ya lalubo keken kanti, ya lalubo haƙoran roba. Ranar da ya fito da takalmi ƙafa ɗaya, ya zauna yana juya shi, leɓensa na rawa don sanyi. Can ya ce, "Ya yi wa Haruna girma." Ranar har muka iso gida ba wanda ya tsokani wani.

Da ya gama da nan sai ya matsa wani gefen gaɓar da gwamnati ta keɓe, inda ake tsaron tsuntsaye da halittun ruwa. Wani jami'i mai faffaɗar hula ya tare mu, ya ce a nan ba a ɗaukar komai, ko ɓawon katantanwa. Manu ya ce, "Yallaɓai, riƙe katantanwarka. Ni ƙanena na zo ɗauka, kuma ba na gwamnati ba ne." Da na yi wa mutumin bayani, sai ya cire hularsa. Duk da haka bai bar mu mun shiga ba.

Sanyi ya shigo, ƙanƙara ta sauka, Manu bai daina ba. Liman ya yi masa magana, ni na yi faɗa har muryata ta dishe. Na ɓoye tukunyar iskarsa a but ɗin motata, ya je ya aro wata, ya shiga jirgin ƙasa da ita a kafaɗa, fasinjoji na tserewa daga taragon. Dole na koma riƙe igiya, don gara ina wurin. Daga nan tari ya kama shi, irin wanda ake ji daga hawa na ƙasa.

Ciwon huhu ne. Na same shi a asibiti an rufe masa hanci da baki da robar iska. Ya ɗaga ta da ƙyar ya ce, "Bawana, wannan ta fi tawa. Tambaye su ko ta sayarwa ce." Na ce ya yi mini shiru. Bai kwana biyu ba ya cika.

Mu muka wanke shi, muka kai shi maƙabartar Musulmi a New Jersey, ƙasa ta daskare sai da injin tona. Da muka dawo kowa ya sunkuyar da kai, kiran Inna ya faɗo a kaina. Na gaya mata. Ta yi salati, ina jin kukan awaki a bayanta. Sannan ta ce, "Ɗan nan, shi kun binne shi?"

Na ce, "Mun binne shi, Inna. Da hannuna na sa shi."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Ko ɗaya dai ya samu ƙasa."

Ni dai tun ranar ba na iya kallon teku. Allah ya jiƙan bawana, ya ɗumama masa makwanci, don ya sha sanyi. Allah ya haɗa shi da Haruna inda ba sai ya laluba ba, ya ba Inna haƙuri. Amin.