Kifin Sammani Mai Riƙe Ƙwai a Baki

Sammani ba ya fita daga gida sai ya ƙwanƙwasa gilashin nan sau biyu da zoben azurfarsa. Ko masallaci za shi ko gona, sai ya tsaya a zaure ya yi ƙwas-ƙwas, kifayen su watse su ɓuya a bayan dutse, shi kuma ya ce sun gaishe shi.

Gonarsa tana jikin tawa a bakin kanal, wajen Kadawa, don haka na san shi gwargwado. Manomin albasa ne kamar kowa, sai dai albasarsa ba ta cika wahalar da masu ɗaukar kaya ba. A shekarun da aka matsa mana da noman alkama, wani injiniya mutumin ƙasashen gabas ya gama aikinsa zai koma gida. Sammani ne ke kai masa kayan miya, sai mutumin ya bar masa akwatin gilashi da kifaye huɗu a ciki, irin na rafukan ƙasarsu. Kowanne bai wuce ɗan yatsa ba, launin ƙasa, da ɗan sheƙin kore a kumatu.

Datti mai shayi ya zo gani, ya daɗe yana leƙe.

"Sammani, wannan guda nawa ake sa wa a miya?"

"Ba na ci ba ne."

"To na mene ne?"

"Na ilimi ne."

Ilimin kuwa bai da yawa. Injiniya ya ce a zuba musu ruwan sama, a ba su gara. In mace ta yi ƙwai, namiji ne ke kwashewa a bakinsa, ya riƙe kwana goma sha biyu ba ya cin komai, har 'ya'yan su fito. A cikin kwanakin nan a rufe akwatin da zane, kada a leƙa, kada a taɓa. In ya firgita, haɗiye su yake yi. Sammani ya haddace wannan tsaf, kuma babu wanda bai biya wa ba daga Kadawa har kasuwar Kura. Ya ce nan gaba kaɗan daga Kano za a riƙa zuwa neman iri a gidansa.

Karo na farko da maƙogwaron namiji ya kumbura, ya karɓi zanen matarsa Uwa ya rufe akwatin. A rana ta uku ya kwaso mutanen teburin Datti, ya ɗaga musu zanen. Da gari ya waye maƙogwaro ya saɓe. Ya ce ruwan ne bai yi ba. Karo na biyu ya ce dakan Uwa ne ke girgiza ƙasa, sai ta riƙa ɗaukar turminta zuwa maƙwabta. Cikin zafin bazara kifaye biyu suka mutu, saura mace ɗaya da namiji ɗaya, su ma sun fara manyanta. Babu kuma inda za a samo wasu.

Da namijin ya sake ɗauka, Uwa ce ta rufe akwatin da hannunta, don dama ita ke tono garar, ita ke tanadin ruwan sama a randa.

"Malam," in ji ta, "ɗan kifin nan zai rufe bakinsa kwana goma sha biyu saboda 'ya'yansa. Ka taya shi."

Ya ce ya ji. Kuma ya yi ƙoƙari, ban hana shi wannan ba. Ya daina tsayawa a zaure. Ya sayo bulo da siminti ya fara gina kwatami a tsakar gida, inda zai zuba 'ya'yan in sun yi yawa. Ranar ban ruwansa ta zo yana kan gini, na buɗe masa ruwa a albasarsa. Da ta sake zagayowa, ina da nawa aikin.

A rana ta goma Malam Lukmanu, malamin gona, ya zo a babur duba alkama. Sammani ya tare shi a hanya, ya jawo shi har zaure. Ina wurin, na zo karɓar fartanyata.

Uwa ta yi magana daga bayan katanga. "Malam, kwana biyu fa ya rage."

"Ke, Malam Lukmanu ɗan boko ne. Irinsu ne suka san darajar abin."

Ya ɗaga zanen. Kifin yana bayan dutse, ba a ganin komai sai wutsiya. Malamin gona ya duba agogo. Sai Sammani ya kai hannu, zoben ya yi abin da ya saba, sau biyu. Kifin ya fito a guje, ya bugi gilashi, ya koma.

"Ka ga maƙogwaron? A baki yake renon su."

"Na gani," in ji Malam Lukmanu. "Ai gargaza ma haka take yi, ga ta nan cike da kanal ɗinku. Alkamar taka tana ina?"

Washegari da aka zuba gara, namijin ne ya fara cafkewa. Uwa ta shigo zauren. Ta janye zanenta, ta wanke, ta ɗaura, ta dawo da turminta gida.

Macen ta mutu kafin damina ta faɗi. Namijin ya ƙara kusan shekara shi kaɗai, ana gaishe shi safe da yamma. Sammani ya gaya wa mutanen Datti cewa ƙarar babur ce ta ɓata aikin, kuma ya rubuta wa injiniya takarda, wasu kifayen suna hanya.

Kwatamin yana nan, layi uku na bulo, ba a yi masa shafe ba. Agwagwar Uwa ta ga wurin ya yi mata, ta kwanta a ciki ta ƙyanƙyashe goma sha huɗu, don babu wanda aka gayyato kallo. Rabin buhun simintin yana jingine a kusurwa, ya daskare. Sammani ya ce in an gama cire albasa zai ɗora layi na huɗu.