Biyar da Bakwai a Jikin Ledar Magani

Ina da shekara arba'in da shida na fara riƙe fensir. A wani kamfanin fata nake aiki a Challawa, idan na tashi sai in biya ajin yaƙi da jahilci a Panshekara kafin in shiga gida. Abin da malaminmu ya fi dagewa a kai shi ne kwanan wata. Kullum a saman shafi sai ka rubuta lambar rana, ka ja layi a karkace, sannan lambar wata. Na iya shi sosai.

A daminar shekarar ne maiɗakina ta kamu da abin da mata ke kira sanyi. Ba ta faɗa mini ba, ni na lura tana yawan zagawa, tana fitowa tana cije leɓe. Na kai ta ƙaramin asibiti, aka auna fitsari, likita ta ce ƙwayoyin cuta ne a mafitsara, kuma abin bai yi nisa ba.

Ni na bi layin karɓar magani. Mai bayarwa ya yi bayani ta taga, ga hayaniya, rabi kawai na ji. Da a da ne, sai na roƙe shi ya maimaita. Amma na ga ya yi rubutu a jikin ledar maganin, sai na ce a raina ai yanzu ina karatu.

A gida na zauna a bakin gado na duba. Ɗaya da safe, ɗaya da yamma, wannan na gane. A ƙasa an rubuta 5/7. Ranar kuwa uku ga watan bakwai ce.

"Malam, me suka ce?" in ji maiɗakina.

"Za ki sha zuwa biyar ga wata. Jibi ke nan."

"To sauran fa? Na ga da yawa."

"Ƙari ne, ko don gaba."

Ta yi 'yar dariya duk da ciwon. "Kai, boko ya yi rana. Yau ba sai na shiga maƙwabta a karanta mini ba."

Jibi na yi ta daina sha. Zafin ya riga ya lafa, muka gode Allah. Bayan kamar kwana goma na dawo daga aiki na tarar da ita a kwance, jiki zafi rau, tana rawar ɗari, ta dafe kwiɓi. Ko ruwa ta sha sai ya dawo. A babban asibiti aka ba ta gado, aka sa mata ƙarin ruwa. Likita ya ce cutar ta haura zuwa ƙoda.

Wata nas, dattijuwa, ta ce a kawo maganin farko ta gani. Na miƙa mata. Ta girgiza ledar, ta dubi maiɗakina.

"Hajiya, wa kika ajiye wa waɗannan? Ku da kun ji sauƙi shi ke nan, likita ya zama mahaukaci. Kwana biyar aka rubuta miki, ko rabi da ƙyar kika yi."

Maiɗakina ba ta ko dubi inda nake ba. Na ga za ta ɗauki faɗan ita kaɗai.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ni na karanta mata. Na zaci kwanan wata ne."

Nas ɗin ta sake duba ledar, ta daɗe tana kallo. Muryarta ta sauka.

"Malam, bakwai ɗin kwanakin mako ne, biyar ɗin kwanakin sha. Rubutunmu ne na asibiti, ba a koyar da shi a aji. Wani maganin kwana uku ne, wani biyar, wani bakwai. Ba ɗaukewar zafi ke yanke shi ba."

Ta gyara robar ruwan ta wuce gado na gaba.

Na tsaya riƙe da hulata, na rasa ta inda zan fara. Mace ce da ta yarda da bakina shekara ashirin, ga ta nan da allura a bayan hannu saboda karatun da na yi mata.

"Ki yafe mini," na ce.

Ta buɗe ido da ƙyar. "Da ka yi shirunka, ai ta riga ta gama da ni. Jawo kujera ka zauna, tsayuwarka na sa ni jiri."

Kwana huɗu na yi a kan kujerar nan kafin zazzaɓin ya sake ta.